Tsakanin Buta Da Asibiti: Nasiha Ga Dattawanmu A Kan Ciwon Da Ake Ɓoyewa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata halittarsa, Ya kuma ba shi jikinsa amana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta yawaita zuwa mana daga wajen Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi. Masu yin ta galibi magidanta ne waɗanda suka ba hamsin baya. Wani ya ce yakan gama tsarki ya ɗaura alwala, da ya kabbarta salla sai ya ji ɗigo. Wani ya ce yakan tashi sau huɗu ko biyar cikin dare ɗaya, buta ba ta rabuwa da bakin gadonsa. Wani kuma ya ce yakan daɗe a tsugune, fitsarin na fita da ƙyar kamar zare. Mun lura kusan kowannensu yakan ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Dukansu kuwa abu ɗaya suke tambaya, watau yaya matsayin sallarsu?

To, za mu ba da amsar fiƙihu tukuna, domin ita aka nema. Wannan lalura malamai suna kiranta salasul bauli. A mazhabarmu ta Imamu Malik, idan ɗigon ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye da haka, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla muddin babu wahala a cikin yin haka, kamar lokacin hunturu ga tsoho. Idan kuwa lokacin da yake ɗaukewa ya fi yawa, to yana warware alwala. Abin da ya taɓa tufa na irin wannan ɗigo mai zuwa kullum an yi rangwame a kansa. Wannan yana nan a cikin littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil.

Amma akwai wani sharaɗi da masu sharhin Muhtasar suka ambata, wanda mutane ba su cika jin sa ba. Rangwamen nan an yi shi ne domin wanda ba shi da ikon kawar da lalurar. Wanda yake iya kawar da ita ta hanyar magani, uzurinsa yana cikin kwanakin da yake neman maganin ne. Ashe ke nan fiƙihu da kansa ya nuna wa mai ɗigon fitsari hanyar likita. Saboda haka duk malamin da ya ba da fatawar alwala ya yi shiru, rabin amsa ya bayar. Sauran rabin shi za mu yi ƙoƙarin kawowa a wannan mako, gwargwadon abin da masana likitanci suka tabbatar.

MENE NE YAKE TARE FITSARIN?

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji Allah Ya halicci wata 'yar tsoka mai girman ɗan goro, wadda ta kewaye hanyar fitsari kamar yadda zobe yake kewaye yatsa. Likitoci suna ce mata furostet, Larabawan zamani kuma suna ce mata burustata. Aikinta shi ne samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Mata ba su da ita. A rediyo akan ji ana cewa ciwon dajin mafitsara alhali ita ake nufi, amma ya kamata a sani ita daban, mafitsara daban.

Idan namiji ya manyanta, wannan tsoka takan ƙara girma ta matse hanyar fitsari. Wannan kumburi na tsufa shi ne ya fi yawa, kuma ba ciwon daji ba ne. Yawancin masu aiko mana da tambaya, in Allah Ya so, shi ke damunsu, yana kuma da magani na ƙwayoyi ko na aiki. Ko Sarkin Ingila, Charles, an yi masa aikin wannan kumburi a watan Janairu na 2024, fadarsa kuma ta sanar wa duniya ba tare da ɓoyewa ba, domin sauran maza su ji su je a duba su.

Ciwo na biyu shi ne dajin da yake tsirowa a cikin tsokar. Abin tsoro a gare shi, a farkonsa ba ya nuna wata alama ko kaɗan. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, yana cin tuwonsa, alhali abin yana ciki. In ya yi nisa sai ya bi jini ya kama ƙashi, musamman ƙashin baya da na ƙugu. A sa'an nan ne za a ga dattijo yana kukan ciwon baya wanda ba ya jin magani, yana ramewa, wani ma ƙafafunsa su mutu. Sai a ce sanyin ƙashi ne, ko a ce sammu ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Akwai kuma na uku wanda ya shafi ƙasarmu ta fadamu da tafkuna, watau tsargiya. Mun saba ganin yaro yana fitsarin jini mu ce ba kome. Likitoci sun tabbatar cewa tsargiyar da ta daɗe ba a yi maganinta ba tana iya jawo dajin mafitsara ita kanta. Don haka duk babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, kada ya kwana a kansa. Waɗannan cututtuka uku alamominsu suna kama da juna, ba kuwa malami ko mai magani a kasuwa da zai iya rarrabe su da ido.

YAWANSA, DA WAƊANDA YA FI KAMAWA

Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami maza fiye da miliyan 1 da dubu 400 da suka kamu da dajin furostet a duniya, kusan 400,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya, a wannan shekarar, ƙiyasin ya nuna sababbin kamuwa kimanin 18,000, da rasuwa fiye da 11,000. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a ƙasar nan. Mai hankali ya dubi kusancin waɗannan lambobi biyu. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, mafi yawan masu shi ba shi ne ajalinsu ba. A wurinmu kuwa yawancin marasa lafiya sai ciwon ya riga ya bazu suke isa asibiti.

Abubuwa uku ne aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa. Na farko shekaru, domin ba safai yake kama wanda bai kai arba'in ba, daga hamsin kuwa sai ya yi ta ƙaruwa. Na biyu gado, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi shi, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane. Na uku jinsi. A Ingila an ƙididdige cewa cikin maza 8 ɗaya zai kamu da shi a tsawon rayuwarsa, amma a cikin baƙar fata ɗaya ne cikin 4. A Amurka baƙar fata sun ninka fararen fata wajen mutuwa da shi, kakannin da yawa daga cikinsu kuwa daga nan Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi. To, idan a can ana ware wasu unguwanni a ce mazauna cikinsu sun fi shiga haɗari, mu nan kowane gari namu irin wannan unguwa ce.

AWON JINI DA SHAWARAR DA KE CIKINSA

A nan sai mu raba mutane gida biyu. Wanda ya riga ya ga alama, kamar tsayawar fitsari, ko yawan tashi da dare, ko jini, ko ciwon ƙugu mai naci, wannan ba shi da wata shawara sai zuwa asibiti. Maganar zaɓi tana ga wanda yake jin kansa lafiya lau.

Shi wannan akwai awon jini da ake kira PSA, wanda ake ɗibar jini kaɗan a hannu a auna wani sinadari da tsokar take fitarwa. Amurka ta amince da yin amfani da shi don neman ciwon a 1994. Yana da amfani, amma sai mu faɗi gaskiya, yana kuskure. Cikin maza 4 da awonsu ya hau, kimanin 3 in an bincika ba a samun daji a jikinsu, domin kumburin tsufa ko ciwon sanyi na hanyar fitsari ma suna ɗaga shi. Akan kuma sami mai dajin wanda awonsa bai hau ba. Wanda awonsa ya hau sai an ƙara bincike, har a tsinko ɗan nama daga tsokar da allura a duba, wannan kuwa yakan jawo zubar jini ko zazzaɓi. Har ila yau, wani dajin mai tafiyar hawainiya ne, mutum zai tsufa ya rasu da wani dalili daban bai taɓa jin sa ba. In aka gano irin wannan aka yi gaggawar yin aiki, mai yiwuwa ne a bar mutum da rashin riƙe fitsari ko raunin mazakuta a kan abin da da ba zai cutar da shi ba.

Saboda wannan ne likitocin duniya suka daɗe suna saɓani, kamar yadda malaman fiƙihu suke yi a kan mas'alar da dalilanta suka yi karo. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai, wanda aka fara bayyana sakamakonsa a 2009, ya nuna awon yana rage mutuwa da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Bayan an bi mutanen shekara 16, sai aka ga sai an gayyaci maza 570 zuwa awo kafin a tsirar da rai ɗaya. Kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi ya hana yin awon ga kowa da kowa a 2012, sa'an nan a 2018 ya sake duba al'amarin ya ce mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke wa kansa shawara bayan likita ya bayyana masa amfani da illa, wanda ya kai 70 kuwa ba a ƙarfafa masa ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka kuma ta ce baƙar fata, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon da wuri, su fara wannan tattaunawa tun suna da shekara 45.

Abin da muka fahimta a nan shi ne, ba a tilasta wa mai lafiya yin awo, ba a kuma hana shi. Abin zargi shi ne mutum ya kai shekarun nan bai taɓa jin labarin ba balle ya zaɓa. Mu kuwa da yake matsalarmu ita ce zuwa a makare, ra'ayinmu ya fi karkata ga cewa duk wanda ya kai 45, musamman mai gadon ciwon, ya sami likita ya yi masa tambayoyi huɗu: mene ne haɗarina, me awon zai nuna, in ya hau me za a yi, kuma nawa ne kuɗin kowane mataki? Wanda ya ƙudura yin awon ya nisanci iyalinsa da aikin ƙarfi kwana biyu kafin a ɗebi jinin, domin waɗannan suna iya ɗaga shi.

Kada kuma wanda aka samu da ciwon ya ɗauka an yanke masa hukuncin mutuwa. A wani bincike da aka yi a Ingila kan maza 1,643 da aka gano nasu bai bazu ba, an ba da rahoto a 2023 cewa bayan shekara 15 kimanin 97 cikin ɗari ciwon bai kashe su ba, ko an yi musu aiki, ko an gasa wurin da na'ura, ko kuwa an zuba ido ana auna su a kai a kai. Nelson Mandela an same shi da ciwon a 2001, aka yi masa magani, ya rayu har 2013. Wole Soyinka ma ya bayyana wa jama'a a 2014 cewa ya yi ciwon an kuma yi masa magani. Ko wanda nasa ya bazu akwai hanyar lafar da shi shekaru, tun da Charles Huggins ya gano a 1941 cewa ciwon yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta, in an rage shi da allura ko da aiki sai ya ja da baya.

KUNYA DA TAWAKKALI

Mun san abu biyu ne suke riƙe dattawanmu. Na farko kunya. Likita yakan bukaci ya sa yatsa cikin safar hannu ta dubura ya taɓa tsokar, mutane da yawa kuwa sun gwammace ciwo da wannan. To, malamai sun haɗu a kan cewa buɗe al'aura ga likita halal ne gwargwadon lalura, ga shi kuma masu wannan fanni galibi maza ne. Wannan dubawa ba ta wajabta wanka, ɗibar jinin awo kuma ba ta karya azumi. Haka nan wanda aka sa wa robar fitsari hukuncinsa hukuncin mai salasul bauli ne, ya yi sallarsa kada ya bari.

Mu tuna da Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa yana fama da yawan fitar maziyyi, ya kuwa ji nauyin tambayar Manzon Allah saboda yana auren 'yarsa. Bai bar tambayar ba, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayo masa. Kunyarsa ta sa ya sake hanya, ba ta sa ya zauna cikin jahilci ba. Wanda yake jin nauyin likitan garinsu ya tafi wani gari. Wanda ba ya iya faɗa wa ɗansa ya faɗa wa amininsa.

Na biyu shi ne cewa kome ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma neman magani ma ƙaddara ce. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya tara Muhajirai ya shawarce su, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraishu, sa'an nan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, sai ya fahimtar da shi cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Shugabanninmu na nan ƙasar ma haka suka tafi. Shaihu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubutu a kan ciwon ido da a kan basir. In Sarkin Musulmi bai ji kunyar ɗaukar alƙalami a kan basir ba, don me limamin ƙauye zai ji kunyar ambaton fitsari?

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

A Amurka, da ma'aikatan lafiya suka ga baƙar fata ba sa zuwa asibiti, sai suka bi su inda suke taruwa, watau shagunan aski da majami'u, suka koyar da masu askin yadda za su buɗe zancen. Mu Allah Ya hore mana wuraren da suka fi waɗannan. Muna da masallatan Juma'a, da zaurukan karatu tsakanin Magariba da Lisha, da majalisun dattawa, da wanzamai waɗanda kowane kai a gari yake bi ta hannunsu.

Don haka muna kira ga limamai da hakimai da dagatai na Sanyinna da kewaye, su gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna da maza zalla, ya yi bayani da Hausa, a bar kowa ya yi tambaya. A faɗi amfanin awon, a faɗi illarsa, kada a tsorata mutane kuma kada a yaudare su. Kada kuma a tara jama'a a ɗebi jininsu ba a shirya inda za a kai wanda awonsa ya hau ba, domin wannan jefa mutum cikin zullumi ne kawai. Hanyar a bayyane take: a fara da asibitin da ke kusa, kamar babban asibitin Tambuwal, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ƙwararrun likitocin hanyar fitsari suke.

Maganar kuɗi kuwa ba a raina ta ba, mun san akwai wanda ya sayar da gona ko shanun huɗa saboda jinya. Amma a tuna, kuɗin awo da maganin farko galibi ba su kai abin da jinyar ƙarshe take ci ba. Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi a 2021, dajin furostet yana cikin waɗanda ya ƙunsa, sai a tambayi likita yadda ake shiga. Mawadata kuma su sani biya wa talaka kuɗin mota da na awo sadaka ce mai girma, matalaucin da ciwo ya kwantar kuwa yana cikin masu haƙƙi a zakka. 'Ya'ya su lura da iyayensu, domin ɗan da ya ga mahaifinsa yana yawan fita da buta cikin dare ya kai shi asibiti cikin ladabi, ya yi biyayya mafi kyau. Iyaye mata su ma su ƙarfafa mazajensu, su rufa musu asiri. A kuma yi hattara da masu tallan magani da lasifika a kasuwa waɗanda suke cewa kwalba ɗaya tana wanke mara ta warkar da kome.

Ga 'yan'uwanmu malamai kuwa, duk wanda aka zo masa da tambayar ɗigon fitsari, ya ba da hukuncin alwala, sa'an nan ya tambayi mai tambayar shekarunsa, ya ce masa ya je likita ya duba shi. Wannan kalma guda tana iya zama sanadin da Allah zai bar wa gida maigidansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani.